Wai da gaske idon yara ne ya karya hannun jarin kamfanoni a ƙasar Sin?

Mai_Neman_Sani:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu bin harkar hannun jari da waɗanda suka san aikin ido a cikinmu ku taimaka min. Na daɗe ina jin ana cewa a ƙasar Sin fiye da rabin yaran makaranta ba sa ganin nesa sai da tabarau, kuma wai wannan ne ya sa gwamnatinsu ta taka wa kamfanonin lesin da na gem birki har masu zuba jari suka tafka asarar biliyoyin daloli a rana ɗaya. Abu biyu ne suka ɗaure min kai. Na farko ta yaya kamfanin da aikinsa koyar da yara lissafi da yamma ya tara irin wannan mahaukacin kuɗi, kuma ya aka yi manyan masu jari da suke da ma'aikatan bincike ba su ga abin na zuwa ba? Na biyu, tunda idon yaran kullum ƙara lalacewa yake, ashe sayen hannun jarin asibitocin ido da masu yin tabarau ba riba ce tabbatacciya ba kenan? Wlh tambayar ilimi nake, a yi min bayani dalla dalla.

Baban_Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara daga inda kuɗin ya fito, in ka gane wannan sauran ba wuya.

Hanya ta farko da ba a cika lissafa ta ba ita ce aljihun iyaye. Uba zai biya kuɗin zango gaba ɗaya, wani ma na shekara, tun yaro bai zauna a aji ba. A littafin kamfani wannan bashi ne don ba a riga an koyar ba, amma bashi ne marar ruwa, da shi ake kama sabbin ajujuwa a biya talla a ɗauki malamai, shi ya sa tun 2018 gwamnati ta hana karɓar kuɗin sama da wata 3 a lokaci guda. Sai kuma manyan asusun zuba jari masu sayen kaso a kamfanin da bai shiga kasuwa ba tukuna, su kam a 2020 da korona ta kulle yara a gida sai suka buɗe bakin jaka, a watan Oktoba kamfanin lesin na intanet Yuanfudao ta sanar da samun dala biliyan 2.2 aka kimanta darajarta a biliyan 15.5, a Disamba takwararta Zuoyebang ta samu biliyan 1.6 daga hannun su Alibaba da SoftBank da Tiger Global. Sannan ga kasuwar hannun jari ta New York, inda wasu manyan kamfanonin lesin suka je neman kuɗi, New Oriental tana can tun 2006, TAL tun 2010, Gaotu da a lokacin ake kira GSX ta shiga a 2019.

Akwai wani abu a nan da da yawa daga cikin masu saye ba su taɓa tsayawa sun karanta ba. Dokar Sin ta takaita wa baƙi mallakar irin wannan harka, to sai a yi rajistar wani kamfani a tsibiran Cayman, shi kuma ya ƙulla yarjejeniyoyi da ainihin kamfanin da ke cikin Sin cewa ribar za ta riƙa zuwa masa. Wanda ya saya a New York bai mallaki ko kujera ɗaya ta ajin ba, abin da ya mallaka kaso ne a kamfanin da ke riƙe da takardun alƙawari. Muddin gwamnati ta kawar da kai abin yana tafiya, ranar da ta juyo kuwa ba kotun da za ka je.

Ina kuɗin ya tafi? Kaso mai tsoka talla ya cinye. A farkon 2021 mutane suka gano kamfanonin lesin guda 4 sun ɗauki wata dattijuwa ɗaya tak a tallarsu, a wannan bidiyon tsohuwar malamar lissafi ce, a wancan kuma ta shekara 40 tana koyar da Turanci, fuska ɗaya furfura ɗaya. Ana sayar da darasin gwaji a ƙasa da abin da aka kashe, ana fatan in an kore abokan hamayya sai a ɗaga farashi.

Ranar Juma'a 23 ga Yuli 2021 takardar sabuwar dokar ta fara yawo, kafin a tashi kasuwa a New York TAL ta zubar da kusan kashi 70 cikin 100, daga wajen dala 20 ta koma 6, Gaotu sama da kashi 60, New Oriental sama da rabi. Washegari aka fitar da ita a hukumance: duk mai koyar da darussan manhaja ga yaran firamare da ƙaramar sakandare ya koma ƙungiya marar neman riba, ba shiga kasuwar hannun jari don tara kuɗi, ba jarin baƙi ko ta waccan hanyar ta Cayman, ba lesin a ƙarshen mako ko lokacin hutu. Daga baya shugaban New Oriental, Yu Minhong, da bakinsa ya ce sun sallami ma'aikata 60,000 a shekarar, kuɗin da suka mayar wa iyaye da na sallama da na soke haya ya kai kusan yuan (kuɗin Sin) biliyan 20.

Maganar ba su ga abin na zuwa ba kuwa, sun gani mana. A Agusta 2018 aka fitar da shirin yaƙi da rashin ganin nesa a yara, a ciki har da batun rage yawan sabbin gem na intanet, washegari hannun jarin Tencent, babban kamfanin gem na Sin, ya sauka da wajen kashi 5. A Mayu 2021 an ci tarar Yuanfudao da Zuoyebang yuan miliyan 2.5 kowacce kan tallar ƙarya, a Yuni ma'aikatar ilimi ta buɗe sashe na musamman don sa ido kan masu lesin. Farashi ma tun Fabrairu yake gangarowa. Abin da ya ruɗe su shi ne bayan tsaurarawar 2018 ƙananan makarantun lesin ne suka mutu, manyan suka ƙara ƙiba, sai kowa ya ɗauka haka za a sake yi. Ga kuma halin manajan asusu, duk wata 3 ana auna shi da takwarorinsa, in ya fita da wuri farashi ya ci gaba da hawa shi kaɗai za a zaga, in ya zauna aka faɗi tare ai kowa ma ya faɗi. Wasu kuma da bashi suke saye, irin asusun Archegos da ya rushe a Maris 2021, GSX na cikin hannun jarin da ya lafta wa kansa.

Anti_Mai_Duba_Ido:
Sannu da ƙoƙari Malam Baban Lissafi. Ni ɓangaren idon zan taɓa don shi ne aikina, kuma gsky shi ya fi damuna fiye da asarar masu kuɗi.

Alƙaluman hukumar lafiya ta Sin na 2020 sun nuna kashi 52.7 cikin 100 na yara da matasa ba sa ganin nesa. In ka rarraba sai abin ya fi ba ka tsoro, 'yan shekara 6 kashi 14.3, firamare 35.6, ƙaramar sakandare 71.1, babbar sakandare 80.5. Wato yaro yana hawa aji ido yana sauka. Kuma ba Sin kaɗai ba ce, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu an auna samari 'yan shekara 19 aka samu kashi 96.5.

Abin da ke faruwa shi ne ƙwayar ido tana yin tsawo daga gaba zuwa baya fiye da kima, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu tun kafin ya isa bangon bayan ido inda ake karɓar haske, shi ya sa yaro zai ga littafi tar amma allo ya zama hazo. Tsawon nan in ya samu ya samu, ba ya komawa, tabarau yana gyara gani ne kawai. Wanda abin ya kama shi tun yana 6 ko 7 yana da shekaru masu yawa a gaba da idon zai ci gaba da miƙewa, in lambar tabarau ta yi nisa sosai bangon bayan idon yakan yi siriri har ya yage ko ya ɓalle, ga haɗarin hawan jinin ido, wannan shi ke kai mutum ga makanta a tsakiyar rayuwa. Don haka ba maganar saka gilashi ba ce kawai.

Mutane suna ɗora laifin duka a kan waya, amma matsalar ta girmi wayar hannu a gabashin Asiya. Wani bincike da aka buga a 2008 ya kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, na birnin Sidni a Ostireliya kashi 3.3 ne ke da matsalar, na Singafo kashi 29.1, jini ɗaya ne fa, kuma na Sidni ma ba su gaza karatu ba. Bambancin da ya fito fili shi ne na Sidni suna yin kusan awa 14 a waje duk mako, na Singafo awa 3. Hasken waje ko a inuwa ya ninka na cikin aji sau da yawa, kuma masana suna ganin wannan hasken yana sa bayan ido ya saki sinadarin dofamin mai rage miƙewar. A Guangzhou an gwada, aka ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kullum, bayan shekara 3 kashi 30.4 suka kamu, a makarantun da ba a ƙara ba kashi 39.5. Taiwan ta fara shirin minti 120 a waje kullum a 2010 kuma alƙalumansu da suka daɗe suna hawa suka fara sauka. Sai ga korona ta nuna ɗaya gefen, a Feicheng da ke lardin Shandong 'yan shekara 6 da ba su taɓa wuce kashi 5.7 ba a shekarun baya suka kai 21.5 a 2020 bayan zaman gida.

To ka duba ranar yaron da ake wa lesin. Ya tashi makaranta, ya zarce aji na biyu ko ya zauna gaban allon kwamfuta, ya dawo ya yi aikin gida har dare, Asabar da Lahadi ma haka. Yaushe rana za ta taɓa shi? Duk dalar da Malam ya lissafa a sama awannin yaron take saye, kuma awannin da suka rage a sayar su ne na wasa a waje.

Dan_Gaskiya:
Hajiya da Malam duk kun yi bayani mai kyau amma ni fa ban yarda da yadda mai tambaya ya ɗora abin ba, kuma kada mu bar shi ya tafi da shi haka. Ba ido ne ya sa aka yi dokar 2021 ba. Haihuwa ce. A 2020 jarirai miliyan 12 aka haifa a Sin, a ƙarshen Mayu 2021 aka ba da izinin haihuwar 'ya'ya 3, ko wata biyu ba a yi ba sai ga dokar lesin, ai ko makaho ya shafa ya ji alaƙar. Ma'aurata suna cewa ɗa ɗaya ma da ƙyar muke biyan lesin ɗinsa ina za mu kai uku, ga kuma haushin cewa ɗan mai kuɗi yana sayen maki, ga gwamnati ba ta son jarin baƙi ya riƙe tarbiyyar yaranta. Ido ya shigo ne a gefe.

Kuma dokar me ta gyara? Jarrabawar shiga jami'a ta gaokao tana nan, sama da yara miliyan 10 suka zauna ta a 2021, dokar kuma ba ta ƙara kujerun manyan jami'o'i ba. Lesin ya koma ɓoye, malami ya zo gida ya koyar da yaro ɗaya a kuɗin da ya fi na da, mai hali ya biya marar hali ya haƙura. Haihuwar ma ba ta tashi ba, a 2022 yawan jama'arsu raguwa ya yi.

Anti_Mai_Duba_Ido:
Malam Dan Gaskiya maganar haihuwa gaskiyarka ce ban musa ba, amma cewa ido a gefe yake ya yi yawa. A cikin ita kanta takardar ta 2021 an rubuta cewa don kare ganin ɗalibai darasin intanet kada ya wuce minti 30, a huta aƙalla minti 10 tsakani, a tashi kafin ƙarfe 9 na dare. 'Yan aji 1 da 2 ba aikin gida na rubutu, aji 3 zuwa 6 kada ya wuce minti 60, ƙaramar sakandare minti 90. Shirin 2018 kuwa kacokan na ido ne, ma'aikatu 8 suka sa hannu, da burin kafin 2030 firamare ta sauka ƙasa da kashi 38, ƙaramar sakandare ƙasa da 60, babba ƙasa da 70, har aka sa shi cikin ma'aunin aikin gwamnatocin larduna. Sannan a ƙarshen Agusta 2021 aka takaita gem na intanet ga 'yan ƙasa da 18 zuwa awa ɗaya a daren Juma'a da Asabar da Lahadi. Inda zan bi ka shi ne saurin sakamako, daga 53.6 a 2018 zuwa 51.9 a 2022, saukar kaɗan ce ƙwarai.

Mai_Neman_Sani:
Allah ya saka da alheri, kaina ya waye sosai. Amma Yaya Baban Lissafi ka bar min tambaya ta biyu. Yanzu da Anti ta ce idon ba ya komawa kuma saukar kaɗan ce, ai kamar ma ta ƙara ƙarfafa cewa masu asibitin ido da tabarau ba za su taɓa rasa kwastoma ba ko?

Baban_Lissafi:
Kwastoma kam ba za su rasa ba, amma yawan kwastoma daban ribar mai hannun jari daban, kuma wannan tunanin naka miliyoyin mutane sun riga ka yin sa, sun kuma sa shi a cikin farashi tun kafin ka iso.

Ɗauki Aier, babban kamfanin asibitocin ido na Sin. Yana cikin rukunin farko da suka shiga kasuwar hannun jarin kamfanoni masu tasowa ta Shenzhen, wato ChiNext, a Oktoba 2009. Sabon asibiti yakan yi shekaru yana cin kuɗi kafin ya fara kawo riba, in kamfani ya gina da yawa da kansa asarar za ta ɓata masa littafi, to daga 2014 sai suka koma haɗa gwiwa da wasu asusun jari, Aier ya sa kaso kaɗan wasu su kawo sauran, asusun ya gina ko ya sayi asibiti ya raine shi da sunan Aier a wajen littafin kamfani, in ya fara tsayawa da ƙafarsa sai Aier ya saye shi ya shigar ciki. Dabara ce mai kyau kuma a bayyane ake yin ta, sai dai mai karanta littafi ya sani cewa waɗanda suka yi nasara yake gani, kuma duk sayen da aka yi sama da darajar kadara yana taruwa a wani layi da wata rana za a iya zaftare shi in asibitin bai kawo abin da aka zata ba. Hannun jarinsa ya kai ƙololuwa a 2021, daga nan ya zubar da fiye da rabi a shekarun da suka biyo baya, alhali yaran masu tabarau suna nan ba inda suka je. Autek mai yin ɗan gilashin da ake liƙa wa ido da dare don ya danne gaban idon, shi ma hawa ɗaya suka yi saukar ɗaya.

Dalilai ba ɓoyayyu ba ne. An saya da tsada fiye da kima, masu hamayya sun cika kasuwa, cikin manyan masu yin gilashin ido Hoya ta fito da MiYOSMART a 2018 Essilor ta biyo da Stellest a 2020, duka tabarau ne masu rage saurin lalacewar, ga gwamnatin da ta saba tara asibitoci ta yi sayen sari ta karya farashin magani da kayan aiki, ga haihuwa tana raguwa wanda ke nufin 'yan firamaren gobe ba za su kai na yau ba. Sannan kasuwar cikin gida ta Sin ƙananan masu saye ne suka fi yawan hada-hada a cikinta, da an ji labarin wata doka sai a ruga kan duk kamfanin da sunansa ya shafi ido, ya hau iyakar da aka yarda a rana, kashi 10 a babbar kasuwa kashi 20 a ChiNext, bayan 'yan kwanaki a watse. Ni ba zan ce maka saya ko kar ka saya ba, amma hannun da ya rufe lesin a dare ɗaya shi ne dai yake riƙe da farashin kayan ido.

Anti_Mai_Duba_Ido:
Abin da ke ci min rai a wannan lissafin shi ne duk jarin yana bin abin da za a iya sa wa farashi. Tabarau na musamman, gilashin dare, maganin ɗigawa na atrofin da Sin ta amince da mai ƙarfin kashi 0.01 a 2024, duk suna da amfani ban raina su ba, ina ma kowane yaro zai samu. Amma dukkansu rage gudu suke bayan abin ya riga ya kama. Wanda aka tabbatar yana hana kamuwar tun farko shi ne a fitar da yaro waje awa 2, shi kuma ba kamfanin da zai tallata shi don ba abin sayarwa a ciki. Inda tsoron iyaye ya haɗu da kuɗi kuma 'yan damfara ba sa nisa, har sai da hukumomin Sin suka fito a 2019 suka hana tallar cewa ana warkar da rashin ganin nesa.

Can ƙauyuka kuma matsalar ta juye. Wani bincike da aka buga a 2014 a makarantun karkara na Gansu da Shaanxi ya samu cewa cikin yaran da ke buƙatar tabarau kusan kashi 15 ne kawai suke da shi, da aka raba kyauta makinsu na lissafi ya tashi. Da yawan iyaye da malamai a can sun yi imani gilashi yana ƙara kashe idon yaro, wanda ba haka ba ne. Yaron birni ana kashe masa dubban yuan a shekara, na ƙauye yana zaune a layin baya yana kanne ido yana kwafa daga littafin na kusa da shi ana ce masa daƙiƙi. Ƙanena in kana da yara ka lura da wannan kanne idon, da matsowa jikin talabijin, da yawan murza ido, ka kai a auna da maganin ɗigawa mai sassauta ido don lambar ta fito daidai.

Dan_Gaskiya:
Hajiya awa 2 a waje na ji kuma na yarda da binciken, amma ki gaya min wane shugaban makaranta ne zai saki yara awa 2 alhali da makin jarrabawa ake auna shi, kuma wace uwa ce za ta bar nata yana wasa tana kallon ɗan maƙwabta yana karatu? A Taiwan ma sai da ma'aikatar ilimi ta sa shi cikin tsarin makarantu kowa ya fita tare sannan ya yi aiki. Ina son wanda ya san yadda makarantun Sin suke aiwatar da nasu a zahiri, ba a takarda ba, ya zo ya faɗa mana, musamman 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare da jarrabawa ke gabansu.